Gidan da Aka Ce Hamsin da Ɗari

Ina tsaka da wanki tallar gidan ta shigo wayata. Maigidana ne ya turo ta daga hanya, lokacin ya yi lodin wake a Shinkafi ya nufi kudu. Hotuna ne, da ɗan rubutu a ƙasansu: gida na sayarwa a Kaura Namoda, ba nisa da tasha, fili ƙafa hamsin da ɗari, ɗakuna huɗu, kowanne sha biyu da sha huɗu, ga rijiya, ga tsakar gida mai faɗi. A ƙarshe mai tallar ya ƙara da cewa ko babbar mota za ta iya kwana a ciki. Na san wannan ne ya kama zuciyar maigida. Direba ne, motar tasa ce, kuma ya daɗe yana jin zafin barinta a tasha duk ranar da ya dawo gida.

Amma ba don motar muke neman gida ba. Don Inna ne, mahaifiyarsa. Ita tana Katuru, a gidan da aka kai ta tun tana amarya. A shekarun nan zaman ƙauye ya yi wuya, mutane suna ta komawa garuruwa, mu kuma muna Kaura a ɗakuna biyu na haya, cikin gidan da ke da magidanta da yawa. An daɗe ana lallashin Inna ta dawo wurinmu, tana ƙi. Daga baya ta ce za ta zo, amma da sharaɗi: ba za ta zauna inda babu wurin awakinta da turminta da rumbunta ba. Ta ce ita ba kaya ba ce da za a jingine a kusurwar ɗaki.

Da maigida ya kira ni da yamma, muryarsa cike take da murna. Ya ce ya riga ya sa an kai wa Inna waya, ya gaya mata an samu gida wanda tsakarsa ta kusa kai tata girma. Ya ce in je in gani, in na yarda da shi a kama kafin wani ya riga mu.

Na ce masa zan je, amma sai na auna.

Ya yi dariya ya ce, “Ai ga awo nan a rubuce.”

Ni kuwa na taɓa ganin awo a rubuce. Lokacin da muka kama hayar farko, mai gidan ya ce ɗakin sha biyu da sha biyu ne. Na ɗauki maganarsa na tafi kasuwa aka yanko mini leda daidai da haka. Da aka shimfiɗa, sai da ta hau bango ta ɓangare biyu, muka zauna da reza muna datsewa, ina kallon ledar da na yi wata da watanni ina sha'awa tana zama tarkace. Tun daga nan na gane cewa a wurin mutane da yawa sha biyu da sha biyu suna ne kawai na ɗaki, kamar yadda ake cewa mudu ko da mudun wani ya fi na wani. Ba lallai ƙarya suke yi ba. Sun ji an faɗa, su ma suka faɗa.

Washegari na biya shagon kayan gini na sayi tef ɗin awo, irin dogon nan na magina da ake naɗewa da hannu. Yayana ne ya raka ni, shi da yake sayar da buhunan hatsi a kasuwa. Da ya ga abin a jakata sai ya ɓata rai.

“Wai da gaske awo za ki yi a gaban mutane? Za a ce mun raina su.”

Na ce, “Yaya, kai buhu nawa ka taɓa saya ba ka soka shi ka ga abin da ke ciki ba?”

Duk da haka bai koma gida ba, ya biyo ni.

Dillalin ya tarye mu a bakin layi. Matashi ne mai tsafta, da wayoyi biyu a hannu, kuma gaskiya yana da daɗin baki. Tun kafin mu shiga yake kirana Hajiya, yana nuna mana yadda layin yake da tudu, ruwa ba ya kwanciya da damina. Wannan kam gaskiya ya faɗa, na tabbatar daga baya. Mai gidan dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mun same shi a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya da rediyonsa a gefe. 'Ya'yansa maza sun gina masa a Gusau, suna so ya koma kusa da su da asibiti, shi ya sa zai sayar.

Ina fita daga zaure na ga abin da nake zato. A hoto tsakar gidan ta yi kamar filin makaranta, domin an ɗauke ta ne daga can kusurwa, an durƙusa. A ido kuwa, idan ka tsaya a bakin zaure, katangar baya kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Gidan yana da kyau. Ginin bulo ne, rufin kwanon bai tsufa ba, rijiyar tana da murfi. Amma ba wannan muka zo nema ba.

Na gaishe da dattijon, na ce, “Baba, in ba damuwa ina so in auna.”

Dillalin ya yi saurin cewa, “Hajiya, ai ba sai kin wahala ba. Hamsin da ɗari ne, haka yake a takarda.”

Na ce, “Na yarda haka yake a takarda. Ƙasar nake so in ji ta bakinta.”

Dattijon ya kashe rediyo, ya dube ni da kyau, sai ya yi murmushi. Ya ce, “Bar ta ta auna. Mu da munka yi aikin dogo, ko inci guda anka kuskure jirgi ba ya tahiya. Kawo bakin in riƙe miki, ɗiyata.”

Haka aka yi. Shi ya riƙe bakin tef ɗin a jikin katangar gefe, ni ina ja, Yaya yana biye da ni yana kallon ƙasa don kunya. Faɗin ya ba da arba'in da takwas. Ƙafa biyun katanga ce ta cinye. Sai muka juya tsawo. Na bi ta gefen ɗakuna, na wuce rijiya, na wuce madafi, na dafa katangar baya. Sittin da huɗu.

Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Dillalin ya ce wataƙila tef ɗin ya karkace. Na ce to ya zo ya ja da kansa. Ya ja, ya duba, ya sake dubawa, ya miƙo mini tef ɗin.

Dattijon ne ya fi kowa mamaki. Ya tako a hankali ya zo ya dafa katangar, ya ce lallai shi ne da kansa ya sa aka gina ta. Da 'yarsa ta fari mijinta ya rasu ta dawo da yara, sai ya yanke mata bayan gidan, aka fitar mata da ƙofa ta ɗaya layin. Shekaru sun yi yawa, takardar kuwa ba a taɓa gyara ta ba.

Ya ce, “Ni a raina ƙahwa ashirin na ɗebe mata. Ashe ya kai talatin da shida. Da sanda na nuna ma magini, ban auna ba.”

Ya juya ga dillalin. “Kai kuma ka san da katangar ga. Mi ya sa ka rubuta ɗari?”

Matashin ya sosa ƙeya. Ya ce shi abin da ke takarda ya kwafa. Da dattijon ya ci gaba da kallonsa, sai ya ƙara da cewa, “Baba, in na rubuta sittin da huɗu ba mai kira. Kowa hamsin da ɗari yake nema a waya. In mutum ya zo ya ga gidan ya yi masa, ba ya tambaya kuma.”

Na ce masa, “Ni na zo, gidan ya yi mini, kuma ga shi ina tambaya.”

Muka shiga ɗakuna. Goma da sha biyu na samu a uku, na huɗun ma bai kai ba. Dillalin ya ce daga waje ake aunawa, har da kaurin bango. Na ce to ni ba a cikin bango zan sa gado ba. A nan Yaya ya kasa riƙe dariya, daga nan kuma shi ya karɓi tef ɗin yana ja. Da muka cire ɗakuna da zaure da madafi da banɗaki, abin da ya rage na tsakar gida ƙafa ashirin da biyu ne a faɗi, talatin a tsawo, kuma rijiya tana ciki.

Ban yi fushi da kowa ba. Na gode wa dattijon, na ce ya ba mu lokaci mu yi shawara. Ya ce ba zai sayar wa kowa ba sai ya ji daga gare mu.

Da maigida ya dawo na zaunar da shi na gaya masa. Bai ji daɗi ba. Ya je ya ga gidan da kansa, ya dawo yana cewa duk da haka ya fi abin da muka gani a baya, ga shi kusa da tasha, ga ruwa, ga mutumin kirki. Ya ce a fasa katangar gaba a sa babbar ƙofa, motar za ta shiga.

Na ce, “Za ta shiga. In ta shiga, ina awakin Inna za su tsaya?”

Ya ce za a san yadda za a yi. Idan ta zo ta ga jikokinta, za ta manta da maganar fili.

Na san Inna fiye da haka. Idan aka kwaso ta da kayanta a kan an ce mata gida kamar nata, ta sauka ta ga akasin haka, ba za ta yi faɗa ba. Za ta yi shiru, ta kwana biyu, ta nemi motar Shinkafi. Daga nan kuma duk abin da muka faɗa mata ba za ta sake yarda ba, kuma zaman can ɗin ne muke gudar mata. Na ce masa ni zan je Katuru in gaya mata gaskiyar awon, ta zaɓa da kanta. Ya ce lamba ba ta gaya wa Inna komai, ko na ce talatin ko na ce ɗari duk ɗaya ne a wurinta. Na ce na sani, shi ya sa ba da baki zan gaya mata ba.

Ranar kasuwar Shinkafi na tafi, don ranar ce motoci suka fi yawa a hanya kuma hankali ya fi kwanciya. Na isa da hantsi. Na same ta tana tankaɗe a inuwar rumbu. Bayan gaisuwa da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta ji labarin gida, har ta fara ware abin da za ta ɗauka.

Na ce, “Inna, gidan yana da kyau, amma bai kai yadda aka gaya miki ba. Ba laifin ɗanki ba ne, shi ma haka aka gaya masa. Na zo in nuna miki girmansa.”

Ta ce, “Kin ɗauko shi cikin jaka?”

Na ce kusan haka.

Tsakar gidan Inna babba ce, irin ta da, wadda za a yi sussuka a gefe ɗaya, a shanya gero a ɗaya, dabbobi kuma ba su san ana yi ba. Na roƙi igiyar guga da igiyoyin ɗaurin kaya, na samo 'yan sanduna a bayan danga. Na ba ta bakin tef ɗin ta taka da ƙafa, na ja ashirin da biyu na kafa sanda, na ja talatin na kafa wata. Na zagaye da igiya. Na kife ƙwarya a inda rijiya take, na ja layi da ƙafa a inda ƙofofin ɗakuna suke. Abin ya zauna a tsakiyar gidanta kamar tabarma a masallaci.

“Ga shi nan, Inna. Iyakarsa ke nan.”

Ta daɗe a tsaye a waje da igiyar. Sannan ta ɗaga zani kaɗan ta tsallaka ciki. Ta taka zuwa wannan kusurwa, ta dawo waccan. Ta tambaye ni ta ina rana take fitowa, na nuna. Ta tambaya ko akwai itace, na ce akwai darbejiya a nan, na ajiye takalmina a wurin. Ta fita ta mirgino turminta da kanta, ta ƙi in taimaka, ta tsayar da shi kusa da takalmin. Ta ɗauki taɓarya ta ɗaga sama ta sauke, tana duba ko gwiwar hannunta za ta bugi bango. Ta kwanto akuya ɗaya, uwar garken, ta jawo ta cikin igiyar ta tsaya da ita a kusurwar yamma. Akuyar ta tsallake ta fita, Inna ta sake jawo ta.

Ta ce, “Ukku za su zamna nan. Huɗu in sun yi haƙuri.”

Tana da awaki fiye da goma a lokacin.

Ta juya ta dubi rumbun. Marigayi mijinta ne ya gina shi, kuma duk shekara ita take sa a sake masa jinka. Ba ta tambaye ni ko za a iya gina irinsa a can ba, ta ga amsar a ƙasa. Ta zauna a kan turmin, a cikin igiyar, tana kallon rumbun, har na fara tunanin na yi kuskure da na zo.

Can ta ce, “To motar fa? Ya ce mini mota za ta kwana gida.”

Na nuna mata da hannu daga ina zuwa ina motar za ta ci. Rabin wurin ne, har da inda akuyar take tsaye.

Ta ce, “Mota ba ta jin sanyi, ba ta haihuwa. Ta kwana tasha.”

Sannan ta dube ni ta ce, “Da kin bari anka kai ni ban gani ba, da na dawo. Yanzu na gani. Wanga wuri ƙarami ne, amma ba a ɓoye mini ba. Ina zuwa.”

A ranar ta raba awakin a bakinta. Wasu za a kai kasuwa, wasu ta bar wa ɗan ƙanenta kiwo, shi ne kuma zai riƙe rumbun da gonar, yana aiko mata da rabonta a buhu. Ta hana ni kwance igiyar. Daga baya matar ɗan ƙanen nata ta gaya mini cewa har ranar tashi igiyar tana nan, Inna tana shiga ciki ta yi daka, ta yi tankaɗe, ta ci abinci, wai tana koyon zaman birni.

Da muka koma wurin dattijon, shi da kansa ya rage kuɗin tun kafin mu buɗe baki. Ya ce ba zai karɓi na ɗari a kan sittin da huɗu ba. Ya sa aka kira mai unguwa da 'yarsa ta bayan katanga, aka sake aunawa a gaban shaidu, aka rubuta kowane ɓangare da girmansa na gaskiya, don kada jikoki su zo su yi rigima a kan ƙafa talatin da shida da ba wanda ya san inda suke. Dillalin ya samu la'adarsa. Da zai tafi ya tambaye ni a wane shago na sayi tef ɗin. Ban san ko ya saya ba, amma na gaya masa.

Maigida ya ɗan yi kwanaki yana ƙunƙuni a kan motar. Shi ne ya je da ita Katuru ya kwaso mahaifiyarsa da turminta da tukwanenta da awaki huɗu. Da suka iso, Inna ta sauka, ta shiga zaure, ta fito tsakar gida, ba ta tsaya dube-dube ba. Ta nuna kusurwar yamma ta ce a kafa turke a nan, ta nuna gindin darbejiya ta ce a ajiye turmi. Maƙwabtan da suka zo taya mu sauke kaya suka ɗauka ta taɓa zuwa gidan.

Zaman bai zo da sauƙi duka ba. Damina ta farko warin awakin ya dame mu, sai da muka sa aka yi musu rumfa da magudana. Ɗakin da muka ba ta shi ne mafi ƙanƙanta, ita ta zaɓe shi don ƙofarsa tana kallon dabbobin, kuma gadonta na ƙarfe sai a karkace ya shiga. Wani lokaci da rana nakan gan ta tsaye tana kallon katangar baya kamar tana jiran ta matsa. Amma ba ta taɓa cewa a mai da ita ba. Ta shuka zogale a jikin katangar, ta saba da 'yar dattijon da ke bayan katangar, suna miƙa wa juna tuwo da kuka ta sama.

Labarin ya bazu a dangi, har ya zama in za a sayi gida ko a kama haya sai a ce a kira ni. Bara ƙanwata da ke Zurmi ta kira, su kuma sayarwa za su yi, za su dawo Kaura. Wanda zai yi musu talla ya ce a rubuta hamsin da hamsin. Na je na auna, na samu hamsin da biyu da arba'in da bakwai. Mijinta ya ce ai duk ɗaya ne, abin da ya ragu a nan ya ƙaru a can. Na ce a rubuta yadda yake. Mutumin da ya zo saye malamin makaranta ne daga wani ƙauye, da matansa da 'ya'yansa da mahaifinsa makaho. Ya karanta lambobin a wayarsa, ya ce bai taɓa ganin gida mai irin wannan awo ba, shi ya sa ya fara zuwa nan kafin sauran. Ya zagaya, ya leƙa rijiya, ya tambayi inda masallaci yake, sannan ya koma mota ya riƙo hannun tsohon ya shigo da shi.